DARASIN ƊAUKAR HOTO A SAKANDARE: ABIN DA YA KAMATA IYAYE DA MATASA SU SANI

Wannan shi ne jawabin da jami'in raya karkara na ofishinmu ya gabatar a taron iyaye da matasa na ikilisiyoyin yankin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wanda aka yi a Gagarawa. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙo a karanta wa jama'a bayan sujada, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

  Na san da yawa kun baro aiki a gona kuka zo, saboda haka zan yi ƙoƙari kada in ci muku lokaci.

An ce in yi magana a kan wata tambaya da iyaye suka sha kawowa ofishinmu. Tambayar ita ce: yaro yana sakandare, ya zo gida ya ce shi hoto yake so ya koya. Shin wannan karatu ne, ko kuwa hanyar gudun karatu ce? Wasu iyaye ma sun ce kullum waya tana hannun yaron yana ta ɗaukar kansa, yanzu kuma ya sami suna mai daɗi da zai laƙaba wa shiriritarsa. Iyayena, damuwarku tana kan hanya. Amma ina roƙo ku saurare ni har ƙarshe, domin maganar ta taɓa gonakinmu da kasuwarmu da mutuncin 'ya'yanmu.

YADDA HOTO YA SHIGA MAKARANTA, DA YADDA YA FITA

Da farko, gaskiya ne an mai da ɗaukar hoto darasi a sakandare a ƙasar nan. A shekarar 2011 hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta fito da sabon tsari domin manyan azuzuwan sakandare. A cikin tsarin aka ce dole kowane ɗalibi ya ɗauki darasin sana'a guda ɗaya, tare da Turanci da lissafi da sauransu. An jera sana'o'i 34 domin makarantu su zaɓa. Akwai kiwon dabbobi, kiwon kifi, ɗinki, girki, kafinta, walda, rini, dukanci, gyaran wayar hannu, akwai kuma ɗaukar hoto. A shekarar 2014 ɗaliban farko suka zauna jarrabawar WAEC a waɗannan darussa. Dalilin gwamnati shi ne, yaro ya fita sakandare da abin yi a hannunsa ko da bai sami wucewa gaba ba.

To amma rubuta abu a takarda daban, samunsa a aji daban. Darasin hoto yana bukatar malami wanda ya san aikin, da kyamara, da wutar lantarki, da kwamfuta. A makarantun da nake zagayawa a yankin nan, abin da na fi gani shi ne kiwon dabbobi ko darasin kasuwanci, domin su ne ake iya koyarwa da alli da allo. Yawancin yaranmu sun gama ba tare da sun ma ji cewa akwai darasin hoto ba.

A watan Satumba na 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da gyaran manhajar, ta ce darussa sun yi wa yara yawa. Aka rage sana'o'in suka koma shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da waya, sai noma da aikin lambu. Hoto ba ya cikin shidan nan. Saboda haka duk mai yaro a babbar sakandare, ya je da ƙafarsa wurin shugaban makaranta ya tambayi darussan da za a yi wa yaron rajista, kada a bari sai jarrabawa ta ƙarato. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, to tun da gwamnati ta cire, ai magana ta ƙare. Ni ban ga ta ƙare ba. A 2011 da aka sa darasin, da wuya ka sami kyamara ɗaya a ƙauye guda. Yau da aka cire shi, kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar hoto. Kayan aikin sun iso hannun yaranmu, koyarwar ce ba ta iso ba. Wuƙa ce mai kaifi a hannun wanda ba a nuna masa yadda ake riƙe ta ba.

ME AKE KOYA A DARASIN HOTO?

Mutane suna zaton danna maɓalli ne kawai. Bari in ɗan buɗe muku abin da ke ciki, ku yi hukunci da kanku.

Tushen hoto shi ne haske. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai rufin kwano wanda ƙusa ta huda, ya ga yadda da rana wani ɗan haske yake sauka a ƙasa, a kewaye kamar kwabo, ko da ramin ba kewayayye ba ne. Wannan siffar rana ce da kanta take shigowa ta ramin. Wani masani Balarabe mai suna Ibnul Haisam, wanda ya zauna a Alkahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya yi bayanin wannan abu dalla-dalla. Kyamara ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu da ƙofa ɗaya. Yaranku za su iya gwadawa yau: a sami kwali, a huda gefe ɗaya da allura, a yanke ɗaya gefen a manna farar takarda da aka shafa wa ɗan mai, a lulluɓe kai da zane a fuskanci bishiya da rana. Za a ga bishiyar a jikin takarda, kanta a ƙasa, gindinta a sama. Wannan gwaji yana cikin darasin kimiyya, kuma ba ya cin ko sisi.

Abin da ya ɗauki mutane lokaci shi ne yadda za a kama siffar ta zauna. Wani Bafaranshe mai suna Niépce ya yi nasara wajen 1826, amma sai da hasken ya yi awoyi yana shiga kafin hoton ya fito. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Daguerre, shi ma a Faransa. A 1888 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da kyamarar da kowa zai iya riƙewa. A 1975 wani injiniyan kamfanin ya haɗa kyamara ta farko marar fim, kakar wadda ke cikin wayoyinmu. Iyayenmu sun tuna lokacin da mai hoto zai ɗauka ranar kasuwa, sai wata kasuwar a karɓa, domin sai ya cika fim ya kai an wanke.

Ɗalibin hoto yana koyon abubuwa uku da suke auna haske. Ku ɗauka kamar cika tulu ne a famfo. Na ɗaya, faɗin ƙofar da haske yake shiga, kamar yadda ka buɗe famfon. Na biyu, tsawon lokacin da ƙofar take a buɗe, kamar daɗewar tulu a ƙarƙashin famfon. Na uku, saurin kama haske na abin da hoton yake sauka a kai, kamar girman tulun, ƙarami ya fi saurin cika. Ruwa ya yi kaɗan, hoto ya yi duhu. Ruwa ya yi yawa, hoto ya yi fari fat, fuska ta ɓace. Akwai lissafi a nan, akwai kimiyya.

Daga nan sai sanin inda ake tsayawa. Me ya sa hotunan bikinmu da yawa suke fitowa sama ta yi haske, fuskokin mutane kuwa baƙi ƙirin? Domin an tsayar da su rana tana bayansu. Wanda ya koya ya san a juya su haske ya sauka a fuska, ko a kai su inuwar ɗaki ko ta darbejiya, ya kuma san hantsi da la'asar sun fi tsakar rana. Ya san ya durƙusa in zai ɗauki yaro. Ya san ya dubi abin da ke bayan mutum kafin ya danna, kada turken akuya ya fito kamar daga kan amarya ya tsiro. Ya san ƙurar hunturu tana kashe kyamara, ya kuma san ba a goge gilashinta da bakin riga. Sai kuma ajiya: rubuta ranar da aka ɗauka, da wurin, da sunayen waɗanda ke ciki. Wannan na ƙarshe shi aka fi rainawa, alhali shi ne ya fi yi mana amfani a ƙauye, kamar yadda za ku ji yanzu.

HOTO SHAIDA NE

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Zan kawo wurare huɗu da muke asara saboda ba mu da abin nunawa.

Na farko, gona. Mutanen Gagarawa ba sa bukatar a tuna musu abin da ya faru a shekarun 2016 da 2017, lokacin da maganar ba kamfanin Lee fili mai faɗin hekta kusan 12,000 domin noman rake ta tashi. Manoma da yawa a nan da ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka sun koka, jaridu sun ɗauka. Ban tsaya nan domin in yanke hukunci a kan wannan magana ba. Darasin da ke ciki nake so mu ɗauka. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, tana kuma ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a. In an karɓa, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan filin ce: amfanin gona, gini, rijiya da makamantansu. Ke nan ranar lissafi, tambayar ita ce me ke kan gonarka, kuma wa zai shaida. In buldoza ta riga ta wuce, kukar da kakanka ya bari da tsamiya da gawo da rijiyar da ka haƙa sun zama labari.

Yaron da ya koyi aiki zai iya yi wa gidansu wannan: ya ɗauki kusurwa huɗu na gonar, da kowace bishiya mai amfani, da maƙwabtan gona suna tsaye a kan iyaka in sun yarda, da gero ko riɗi ko zoɓo yana tsaye kafin girbi. Wayoyin zamani suna rubuta rana da lokaci a cikin hoto, in kuma an kunna alamar wuri, har inda aka tsaya suna rubutawa. Amma a lura, in aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, yana rage masa kyau ya kuma goge wannan bayani. Sai a tura shi a matsayin fayil, ko a ajiye na asali a katin memori. A wanke wasu a takarda, a rubuta bayani a baya, a ajiye tare da takardun gida. Ina ƙara jan kunne, hoto ba ya maye gurbin takardar shaidar mallaka ko shaidar mai unguwa da dagaci. Yana ƙarfafa su ne. Ko rikicin iyaka tsakanin 'yan'uwa bayan rasuwar uba, sau da yawa hoto ɗaya da aka ɗauka tsohon yana da rai yana nuna iyaka da sandarsa zai kashe wutar.

Na biyu, bala'i. Jihar Jigawa ta sha ambaliya mai tsanani a 2022, ta kuma sha a 2024. Bayan irin wannan, masu kawo agaji, ko na gwamnati ko na ƙungiyoyi, abin da suke fara nema shi ne bayani: gida nawa, na wane, me ya lalace. Na taɓa karɓar rahoto daga ƙauyuka biyu a mako guda. Na ɗaya sun aiko da baki cewa ɓarna ta yi yawa. Na biyu wata yarinya 'yar aji biyar ta bi gida gida da wayar yayanta, ta ɗauki kowane ɗaki da ya faɗi da rumbun da ya jiƙe, ta rubuta sunan mai gida a littafi da lamba daidai da hoton. Ɓarnar ƙauyen farko ba ta gaza ta na biyu ba, amma takardar na biyu ce ta fara tafiya, domin ba mai iya musa ta. Haka abin yake ga rijiyar burtsatse da ta lalace, ko ajin da iska ta yaye wa rufi, ko tsutsa da ta faɗa wa dawa ana so a nuna wa malamin gona.

Na uku, kasuwa. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi a ƙasar nan, ana zuwa daga Nijar, ana lodi zuwa Kudu. Yau dillalai da yawa suna tura hoton sa ko rago ga mai saye da ke nesa kafin a yi ciniki. Ragon da aka ɗauka daga gefe, a fili mai tsabta, da mutum tsaye kusa domin a ga tsayinsa, ya fi jan mai saye a kan wanda aka ɗauka daga sama cikin duhun garke. Iyayenmu mata masu saƙa da ɗinki da man gyaɗa da sabulu, ku ma wannan ya shafe ku. Sai dai a ɗauki kaya yadda suke. Wanda ya gyara hoto ya ɓoye aibin dabba, ya ci riba sau ɗaya ya sayar da sunansa.

Na huɗu, tarihi. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ta Gagarawa ya bi, shi ya sa har yau muke cewa Tasha. Wa ke da hoton jirgi yana tsaye ana lodin gyaɗa? Wa ke da hoton majami'arku ta farko ta zana da ciyawa, ko na tsofaffin da suka gina ta? Wani mai hoto ɗan ƙasar nan, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya lura kitson matan Nijeriya yana canzawa, wasu iri suna ɓacewa. Daga 1968 ya shiga ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya har ya tara kusan dubu, yau ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya. A garin Benin, Solomon Alonge ya yi shekaru masu yawa yana ɗaukar fadar sarkinsu da mutanen gari, jikoki suna ganin kakanninsu ta dalilinsa. Mu ma muna da abin ajiyewa: yadda ake ɗaura rumbu, yadda ake gayya, zanen fuskar kakanninmu wanda ba a yi wa yaran yanzu. Duk tsohon da ya tafi ba a ɗauke shi ba, ya tafi ke nan.

HOTO YANA IYA KASHE MUTUNCI

Yanzu bari in juya ga ɗaya gefen, wanda ya fi sa ni tsayawa a gabanku.

A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi ta kama wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, nan kusa da mu. Mutum fiye da 150 suka rasu. Kafin gari ya waye hotunan gawarwaki suna yawo a wayoyi. Ku yi tunanin uwar da ɗanta bai kwana gida ba, a miƙo mata waya. Yawancin waɗanda suka tura ba mugaye ba ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu akwai abin da ba a ɗauka, akwai kuma wanda in an ɗauka ba a turawa.

Masu aikin agaji ma sun daɗe suna fama da wannan. A 1993 wani mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, Kevin Carter, ya ɗauki wani yaro da yunwa ta kayar a kudancin Sudan, ungulu tana tsaye a bayansa. Hoton ya girgiza duniya, ya jawo hankali ga yunwar, ya kuma jawo tambaya mai nauyi: ina haƙƙin wanda aka ɗauka? A 1994 ƙungiyar Red Cross da wasu manyan ƙungiyoyin agaji suka fitar da ƙa'idojin aiki guda goma, ta ƙarshensu tana cewa a nuna waɗanda bala'i ya sama a matsayin mutane masu daraja, kada a mai da su abin tausayi kawai. Saboda haka ku sani, ko mu ne muka zo da buhun hatsi muka ce za mu ɗauke ku, kuna da ikon tambayar inda za a kai hoton, kuna da ikon cewa a'a, kuma a'arku ba za ta hana ku rabonku ba.

'Yan'uwana matasa, musamman 'yan mata, ku ji wannan da kyau. An ce magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta. Wanda kika tura wa saurayi yau, ba ki da iko da shi gobe. Wayoyi suna ɓata, ana kai su gyara, soyayya tana ƙarewa. Aure ya mutu saboda wannan, yara sun bar makaranta saboda kunya. Samari kuma ku sani, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta ɗauka ko ajiyewa ko yaɗa hoton tsiraicin yaro ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba, hukuncinta kuwa ɗauri ne ko tara ko duka biyun. Cewa turo mini aka yi ba ta fitar da mutum.

Har ila yau, muna zaune da maƙwabtanmu Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna shan rijiya ɗaya. A cikinsu akwai waɗanda ba sa son a ɗauke su, akwai gidajen da ba a ɗaukar matansu. A nemi izini, in an hana a haƙura. Kada yaro ya ɗaga waya a shingen jami'an tsaro ko a bakin iyaka a Maigatari. Sannan yanzu kwamfuta tana iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, ana kuma ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa a ce jiya ne a garin kaza aka ƙona wurin ibada. Wanda ya san yadda ake yin hoto ya fi wuyar ruɗuwa. Kafin ka tura, tambayi wa ya ɗauka, a ina, yaushe. In ba amsa, bar shi ya mutu a wayarka.

ANA CIN ABINCI DA SHI?

Iyaye za su ce, duk mun ji, amma zai ciyar da shi? Zan faɗi gaskiya. Tsohuwar sana'ar tsayawa a bakin kasuwa ana jiran mai son hoto ta ja baya, domin kowa yana da waya. Abin da ya rage shi ne aikin da waya a hannun kowa ba ta iya yi: hoton fasfo na makaranta da neman aiki, wanke hoto da sa shi a firam, ɗaukar biki da suna da taro tun daga farko har ƙarshe cikin tsari, haɗa bidiyo, kalanda da katin gayyata. A ƙauye wannan sana'ar haɗawa ce da noma ko cajin waya ko shagon kwamfuta, kasuwarta kuma ta fi ci bayan kaka da lokacin Kirsimeti da Salla. Wanda zai shiga ya iya lissafin takarda da tawada da caji da kuɗin mota da lalacewar kayan aiki kafin ya yanka farashi, in ba haka ba zai yi ta aiki jari yana narkewa.

'Yan mata suna da wata dama da maza ba su da ita. A yankinmu akwai wuraren biki da namiji ba ya shiga, mace mai kyamara kuwa har ɗakin amarya. Ku dubi Fati Abubakar ta Maiduguri. Aikin jinya ta fara karanta. A 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai bom da gawa, ta shiga ɗaukar mutanen garinsu suna kasuwa, suna biki, yara suna zuwa makaranta. Aikinta ya kai manyan jaridun duniya.

Mai son ya yi nisa kuma, hanyar ta makaranta ce. Ana koyar da hoto a sassan aikin jarida da na zane a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, irin su Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai kuma makarantar koyon aikin fim ta ƙasa a Jos. Ba ɗaya daga cikinsu da za ta ɗauki yaro ba tare da sakamako mai kyau a Turanci da sauran darussan da ake nema ba. Saboda haka yaron da ya ce zai bar aji domin hoto, bai fahimci hoton ba tukuna.

ABIN DA NAKE ROƘO MU YI

1. Iyaye, in yaro ya nuna sha'awa, kada a kore shi, a ba shi aiki. A ce ya ɗauki gonar gida da dabbobi da tsofaffin gida, ya kawo a gani da bayani a rubuce. Mai shiririta zai gaji cikin mako biyu. Mai sha'awar gaske zai dawo da tambayoyi.

2. Malamai da 'yan kwamitin iyaye da malamai, cire darasi daga jarrabawa bai hana a kafa ƙungiyar masu hoto a makaranta ba. Malamin kimiyya ɗaya da waya biyu da kwali sun isa a fara.

3. Kowace ikilisiya ta zaɓi matasa biyu, mace da namiji, masu hankali da riƙon amana, a haɗa su da wani mai hoto a Gumel ko Maigatari su koyi aiki lokacin hutu. A yi maganar kuɗin koyo da wurin kwana a gaban iyaye tun farko.

4. A sayi babban littafi a ajiye wurin sakataren ikilisiya, a riƙa manna hotunan da suka shafi jama'a, da rana da sunaye. A fara da tsofaffin da suka fi kowa shekaru, a wannan watan.

5. Kafin damina mai zuwa, kowane mai gida ya sa a ɗauki gonarsa yadda na bayyana.

6. Shugabannin matasa da na zumuntar mata su ware zama ɗaya a kan neman izini da abin da ba a turawa. A yi shi a fili, ba kunya, domin rigakafi ya fi magani.

Iyayena da 'yan'uwana, gwamnati tana sa darasi tana cirewa bisa ga nata lissafi. Amma wayoyin suna nan a aljihun yaranmu, kuma za su yi amfani da su ko mun koya musu ko ba mu koya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka tsaya a kansu, yaron da ake ce wa ɗan shiririta zai iya zama wanda zai tsare wa gidansu gona, ya kuma san inda zai mai da waya aljihu saboda darajar mutum.

 Akwai lokacin tambayoyi, malaman makaranta da ke nan kuma za su taimake ni amsawa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya albarkaci 'ya'yanmu da aikin hannuwanmu. Amin.